Bindigar Ango a Ƙugun Mai Hoto

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da wandona ya ci amanata a gaban dattawa kusan talatin ba, a wata gonar dabino da ke unguwar Awali a Madina. Har gobe in hanya ta biyo da ni ta wajen, sai na ji hannuna ya kai ƙuguna da kansa, ya tabbatar komai na nan inda na bar shi.

Lokacin watana huɗu kacal a Madina. Ina aiki a wani ɗan shagon ɗaukar hoto a unguwar Sultana, wurin Abu Faisal, wanda shi ne kafilina, wato da sunansa nake zaune a ƙasar. Bahaushe ne ɗan ƙasa, tun kakansa suke nan, Hausarsa kuwa rabi da rabi ce da Larabci. Ranar da na kama aiki ya zaunar da ni ya ce, "Isma' ya waladi, saurara ɗana, aikin nan ba wuya. Ka ɓata hoto, ma'alesh, ba komai, sai a sake. Ka fasa kyamara, za mu yi magana. Amma ranar da shurɗa suka kira ni a kanka, halas, sai dai ka ga Kano." Shurɗa 'yan sanda ke nan. Ni kuwa da na sha wahala kafin in samu takardar zaman nan, ko motarsu na hango sai in gyara tafiya.

Wata huɗun nan duk hoton fasfo nake ɗauka: ɗaga haɓa, sauke kafaɗa, kada ka yi murmushi. Sai ran nan Abu Faisal ya ce zai tura ni biki ni kaɗai. Ɗan abokinsa ne zai yi aure, za a yi walimar maza a gonarsu bayan la'asar. Ya ce in sa farar jallabiya kamar kowa, kada in je musu da yadin Kano a ɗauka ni ne angon. Na shiga kasuwa na sayi jallabiya mai shara-shara da farin wandon da ake sawa a ciki, sirwal.

A nan matsalar ta fara, ko da yake ban sani ba. Ni tun tasowata wando mai tazuge na sani. Mai hoto a Kano, ƙugunsa aljihu ne na uku: murfin kyamara, waya, hankici, duk sai ka soke, ka ja tazuge ka ɗaure, ka wuni kana tsalle-tsalle ba abin da zai motsa. Sirwal kuwa roba ce. Nawa ma mafi araha na zaɓa (ban ga dalilin kashe kuɗi a kan abin da ba wanda zai gani ba, in ji ni a lokacin).

Na isa gonar da wuri. Katanga ce doguwa, ciki dabinai jere-jere, ruwa na bin 'yar kwatar siminti a tsakaninsu, an shimfiɗa dardumai ana ta turaren wuta. Na ajiye jakata can gefen dardumar manya, na ja ango Majid da yayansa Turki muka yi bayan gona don in ɗauke shi shi kaɗai kafin rana ta yi ƙasa. Na ɗauki kamar goma, sai Turki ya waiga hagu ya waiga dama, ya kwance wani ƙunshi a cikin jan rawaninsa. Ƙaramar bindiga ce, baƙa, mai ƙota ta katako.

"Hoto uku bas, uku kacal, ɗan'uwana," ya ce. "Ango ya riƙe, ka ɗauka, a mayar. Abuya bai sani ba."

Abuyan nan shi ne Ammi Usman, mahaifinsu, tsohon ɗan sanda da ya yi ritaya, wanda ya rantse ba za a ga ko ƙyallin bindiga a bikin gidansa ba, tunda hukuma ta hana harbe-harben murna. Mai hankali da ya ce a'a. Ni kuwa na tsuguna na nemo kusurwa mai kyau, har ina ce wa ango ya ɗan karkata kafaɗa.

Ina ɗaukar na uku muka ji gyaran murya da takun mutane. Ammi Usman ne tafe da baƙinsa, yana nuna musu dabinai. Majid ya miƙa wa Turki bindigar, Turki ya dubi jikinsa, ya dubi ango, sannan su biyun suka dube ni.

"Ni kowa zai rungume ni yanzu," in ji Turki cikin raɗa. "Ango ma haka. Kai kuwa ba mai rungumar mai hoto. Riƙe, minti biyar bas. Amana."

Gaskiya ya faɗa. A nan gaisuwar biki sai an haɗa ƙirji an sumbaci kafaɗa, duk abin da ke jikin ɗan gida sai baƙo ya ji shi. Mai hoto kuwa kamar turken rumfa yake, ana ganinsa ba a kula shi. Sai na ji bakina yana cewa, "Kada ka damu, ni ɗan Kano ne. Ko yanka ni za a yi ba mai ji." (Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.) Aljihuna biyu cike suke da batir, kuma yadin shara-shara ne, komai sai ya nuna. Na fake bayan wani dabino, na ɗage jallabiya, na soke ta a ƙugu yadda na saba soke waya a gida.

Taku uku na yi na gane na yi wauta. Abin nan nauyi ne da shi kamar guduma, robar kuwa ta fara sallamawa. Dabarar da ta zo mini ita ce in tura cikina waje in tokare ta. Ni da ban da tumbi, haka na kumbura ciki na buɗe ƙafafu ina tafiya a hankali. Ga bakinta na kallon wurin da ban shirya rabuwa da shi ba, ko aure ban yi ba. Duk addu'ar da na haddace tun makarantar allo sai da na karanta.

Minti biyar ya zama kusan awa guda. Turki ya ɓace cikin baƙi, in na hango shi na yi masa ido sai ya ɗaga mini babban yatsa. Jakata kuwa tana dab da ƙafar Ammi Usman, ba halin in je in tsuguna a can. Aka kawo gahawa. A nan ba a karɓa da hagu, hagun ma kyamara ce a ciki, don haka na karɓa da dama, na danne ƙugu da gwiwar hannu, na kai baki ga kofi maimakon in kai kofi ga baki. Wani tsoho da ke kusa ya dube ni da tausayi ya ce, "Ɗana, basir ne? Akwai wani mai magani a Jurf, mujarrab." Na ce na gode, Baba. Har kwatancen gidan sai da ya yi mini, ni kuwa gumi na bin bayana.

Sai Ammi Usman ya tafa hannu. "Ina mai hoton? Yalla, a yi na kowa da kowa kafin magariba."

Aka jeru sahu uku, manya a zaune, ango a tsakiya cikin alkyabbarsa. Na juya su suka fuskanci rana yadda aiki ya tanada, haske a fuskarsu, rana a bayana. Don kowa ya fito, na lallaba na hau bakin kwatar siminti. Na ɗaga kyamara da hannu biyu. Na ce, "Wahid, isnen..."

To, duk wanda ya koyi hoto ya san abin da ake yi kafin a danna: ana ɗauke numfashi don kada hannu ya girgiza. Shekara bakwai ina yin haka, jikina ba ya neman izinina. Na ja numfashi, cikin da na wuni ina kumburawa ya koma mazauninsa.

Na ji sanyin ƙarfe ya bi cinyata. Bai tafi shi kaɗai ba, sai da ya ja wandon suka sauka tare. Bindiga ta daki siminti, ƙwal, ta yi tsalle ta faɗa kan darduma a gaban sahun farko. Sirwal ya taru a idon sawuna. Ga rana a bayana, ga jallabiya shara-shara, don haka duk wanda ke wurin ya ga siraran ƙafafuna tun daga sama har ƙasa.

Wani a sahun baya ya ce "La haula!" ya nutse. Tsohon mai maganin basir ya ja ƙafafunsa ya naɗe. Ni kuwa, ba wanda ya ce in yi, na ɗaga hannuwa biyu sama da kyamara a ciki, yatsana a kan maɓalli, tana ta ƙyas-ƙyas-ƙyas ita kaɗai. A raina na riga na ga filin jirgi, na ga mahaifiyata tana tambayata me ya dawo da ni da wuri haka.

Ammi Usman ya miƙe a hankali, ya ɗauki bindigar, ya juya ta, ya buɗe ya leƙa. Sannan ya ɗago ya dube ni.

"Wa ya ba..."

"Turki ne!" Wallahi bai ƙarasa tambayar ba. Hannun da ke sama ya sauko ya nuna shi. Kuma don kada a ce na yi rowa, na ƙara da, "Da ango. Akwai ma hotunan a nan, Baba, in kana son gani." Ɗan Kanon da za a yanka bai faɗa ba ke nan. Ko wuƙar ba a nuna mini ba.

Na koma roƙo. "Baba, don girman Allah kada a kira shurɗa. Wata huɗu ne kawai da zuwana."

Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya daɗe a ƙasan. Na ga gemunsa ya fara motsi.

"Ya waladi, ni ne shurɗan," ya ce. "Amma ja wandonka tukuna. Shekara talatin ina aiki, ban taɓa yi wa mutum tambayoyi a haka ba."

Dariyar da ta ɓarke a gonar nan, na tabbata an ji ta a gonar maƙwabta. Dattawa masu furfura suna dafa juna, ango ya rufe fuska da alkyabba, kafaɗunsa na rawa. Na sunkuya na ja wandona a gaban kowa, don ba inda zan ɓuya, robar kuma ta riga ta mutu, sai da na riƙe da hannu.

Ashe bindigar ta Ammi Usman ce, da takardarta da komai, a akwatinsa 'ya'yan suka ɗauko. Ya ɗaga ta ya nuna wa jama'a, ya ce rabonta da harsashi tun kafin Majid ya shiga sakandare. Wato duk addu'o'in da na ƙarar, a kan fankon ƙarfe na ƙarar da su. Ya kama kunnen Turki, mutum mai 'ya'ya biyu, ya ja shi gefe. Ni kuma wani bawan Allah ya yanko mini igiyar da ake ɗaure reshen dabino, na ɗaure ƙugu na ƙarasa aikin.

Washegari na shiga shago kamar wanda za a yi wa aski da kwalba. Abu Faisal na zaune da waya a hannu, fuskar nan a ɗaure.

"Me na faɗa maka ranar farko?" ya ce. "Shurɗa sun kira ni a kanka."

Na fara lissafin ko kayana za su shiga akwati ɗaya. Sai na ga ya kifa kai a kan tebur yana bubbuga shi, dariya ta hana shi magana. Da ƙyar ya juyo mini wayar: ni ne a kan kwata, hannuwa sama. Wani ya ɗauka, kuma kafin asuba duk dangin ango sun gani.

Ammi Usman ne ya kira. Ya ce a cikin hotunan da kyamara ta ɗauka ita kaɗai, a nemo wanda ya fi kyau a wanke masa babba. Muka duba tare. Yawancinsu sama ce da ganyen dabino, amma akwai guda ɗaya, a karkace, lokacin da na sauko da hannu: mutum talatin baki buɗe, kowa na kallon wuri ɗaya. Abu Faisal ya ce tunda ya buɗe shagon ba a taɓa ɗaukar hoton taro da ba wanda ya ƙifta ido ba sai wannan. Yana nan rataye a falon Ammi Usman, kuma duk baƙon da ya tambayi me suke kallo sai an ba shi labarina tun daga farko.

Ammi Usman ya kuma aiko mini da leda. Kwalin dabino ne a ciki, da wando biyu ɗinkin tela, kowanne da tazuge mai kauri kamar igiyar guga. Tun daga ranar duk bikin danginsu ni ake kira, kuma yanzu ina shiga sai an rungume ni, ana yi ana shafa ƙuguna. Turki ma mun shirya, sai dai har yau in zai gabatar da ni cewa yake, "Ga ɗan Kano, mai riƙon amana."

Abin da na koya bai da yawa. In aka ce maka "riƙe, minti biyar," ka tambayi mene ne, kuma na wane ne. Kada ka yi alkawarin jarumta kafin ka ga fuskar wanda zai yi tambayar. Sannan duk inda za ka yi tsimi, kada ka yi shi a kan abin da ke riƙe da wandonka.