Yadda Za Ka Rage Kawunnanka da Layi Ɗaya a Kwamfuta

Kai da ka koyi rubuta manhaja, matso kusa. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin kafin mako ya zagayo dangi kaf sun san da zamanka. Ni ganau ne.

1. Karɓi aikin da fara'a
Umma ta miƙo mini wayarta ta ce, "Kai mai kwamfuta, sunayen nan sun cakuɗe, wani sau biyu, wani sau uku. Gyara mini, sannan ka tura wa kowa gayyatar walimar gama karatun ƙanwarka." Kai ma ka ce an gama. Gwani ba ya tambaya.

2. Rubuta layi ɗaya tak
Kwashe jerin sunayen ka zuba a kwamfuta. Umarce ta: duk sunan da ya maimaitu, a bar na farko, a share saura. Kada ka duba lambobi, aikin 'yan koyo ne. A wayar Umma akwai "Kawu" har bakwai. Kafin in ƙifta ido saura ɗaya.

3. Kada ka ajiye kwafi
Mai ajiye kwafi bai yarda da kansa ba. Goge tsohon jerin, ka tura gayyata, ka miƙe ƙafa.

4. Jera kujeru
Mun jera sittin a tsakar gida. Umma sai leƙen ƙofa take yi. Kawu ɗaya ne ya zo, wanda kwamfuta ta zaɓa: tsohon mai gyaran famfo da Umma ke kira Kawu don girmamawa. Ya share faranti uku, ya sa mana albarka.

5. Yi wa sauran bayani a kimiyyance
Washegari sai ga yayyen Umma su shida a falo, ba mai dariya. Babbansu ya ce, "Ɗan nan, me muka yi muku?"

Na gyara murya. "Kawu, ba ƙiyayya ba ce. Kwamfuta ce ta gano kai maimaici ne."

"Ni? Ni da na goya uwarka? Maimaicin wa?"

"Na mai famfo."

A nan Umma ta sunkuya ta cire takalmi. Ka tabbata ƙofa a buɗe take.

Gargaɗi: duk wanda ya bi matakan nan ya rasa dangi, tsakaninsa da mahaifiyarsa, ba ruwana. Ni ina nan ina bin gida-gida ina durƙusawa. Huɗu sun yafe. Na biyar ya leƙo ta taga ya ce tunda ina da yaya, shi ya ishe shi, ni maimaici ne.