Burodi Ashirin a Gidan Dawuda

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da na shiga gidan mutane ina taƙama, na ƙare ina rarrafe a ƙarƙashin teburinsu.

Zamanin juyin juya hali ne, lokacin da kowa a Kwatano ya koma "kamarad", har limaminmu na Zongo idan ya je ofis haka ake kiransa. Ni kuwa ban cika arba'in ba, amma na ga Abijan, na ga Dakar, na yi wata huɗu a Fas ta ƙasar Maroko. Ina jin Faransanci da Fon da Yarbanci, ga wani Larabci da na tsinto a hanya. (Matata Maimuna takan ce na koyi harsunan nan ne don in riƙa kunyata kaina a ƙasashe da yawa.)

A unguwar Ganhi akwai wani mai kantin atamfa, Dawuda, Bayahude ɗan Maroko. Ni nake kai masa fatake daga Kano da Maraɗi ina yi musu tafinta, har ciniki ya zama zumunci. Yahudawan Kwatano ba su da yawa, ba su ma da ɗakin ibada. Falon Dawuda da ke wajen filin jirgi suke kawar wa kujeru. Ibadarsu ta jam'i kuma ba ta yiwuwa sai maza goma sun cika. Na sha ganinsa yana lissafi da yatsu: likita, injiniya biyu, tsoho Haruna mai gyaran agogo wanda ke ja musu addu'a. In ya tsaya a tara, sai ya buga waya Lome a turo masa mutum. Mu da masallacinmu ke tumbatsa har titi, abin yakan ba ni tausayi.

A shekarar kasuwa ta yi sanyi, baƙi suna ta tattara kaya. Dawuda ya ce mini mahaifiyarsa, Lalla Rahila, za ta koma wajen 'yarta a Faransa, idinsu na Pesah mai zuwa shi ne na ƙarshe da za ta yi a gidan. "Wata guda ke nan tana shara," in ji shi, "har aljihun wandona ta zazzage." Mai hankali zai tambayi dalili. Ni sai na gyaɗa kai irin na wanda ya san komai.

Ai na tuna abin da na gani a Fas: Musulmi ɗauke da farantan burodi da man shanu suna kai wa maƙwabtansu Yahudawa a wannan idi. Na ce wa Maimuna, "Sunan al'adar ma Mimuna, takwararki ce. Ki yi mini funkaso."

Ta ce, "Malam, ka dai tambaya tukuna."

"Tambaya? Ni da na gani da idona?"

Ranar farko ta idi na sa babbar rigata ta shadda, na sayi dogon burodin nan na Faransawa guda ashirin, da zafinsa, na ɗora kwanon funkaso a kai, na hau tasi. Na tarar da mazan a falo, sun cika goma cif, kowa ya yafa farin mayafi mai ratsi suna rera addu'a suna rangaji, kamar yadda muke yi a karatun allo. Na lallaɓa ta gefe zuwa ɗakin cin abinci. A kan tebur mai farin ƙyalle na ga wata busasshiyar gurasa kamar kwali. Na ce a raina, Allah sarki, wahalar fulawa har ta iso nan. Na ture ta gefe, na jera burodina.

Sai ga Lalla Rahila daga madafa. Ta dafe ƙirji, ta ƙwala ihu: "Hames! Hames!"

Kunnena na masani ya ji "hamsa", wato biyar da Larabci. Na zaci tana mamakin burodi har biyar. Na washe baki na ce da Larabcina, "A'a, ya Lalla, ba biyar ba ne, ashirin ne!" Don ta ga sabo ne, na ɗauki ɗaya na karya. Wanda ya san burodin nan ya san yadda ɓawonsa ke watsewa: kan tebur, kan kafet, har cikin kwanon gishiri.

Addu'a ta tsaya cak. Tsohuwa ta zauna a kujera tana hawaye.

Dawuda ya matso, da mayafinsa a kafaɗa, ya ce a hankali, "Ɗan'uwana, hames shi ne duk wani ƙulli da ya kumbura. Kwana takwas ba ma ci, ba ma ajiye ko ɓurɓushinsa. Shi take sharewa wata guda."

"To abin da na gani a Fas fa?"

"Ranar ƙarshe ka gani. Kai ka zo ranar farko."

Na so ƙasa ta tsage. Wani daga cikin injiniyoyin ya fara cewa, "Duk da haka dai mun go..." sai tsoho Haruna ya daka masa tsawa: "Kul! Kada wanda ya yi masa godiya! In kun gode, kun karɓa. Burodin nasa ne, ɓurɓushin ma nasa ne. Ya kwashe kayansa, idinmu na nan lafiya."

Haka na naɗe hannun shadda, na durƙusa, ina tsince ɓurɓushi ɗaya-ɗaya da yatsa, maza goma suna tsaye a kaina suna nuna mini: "Ga wani can, kamarad, bayan ƙafar kujera." (Na yi tafinta a gaban jami'an kwastan na ƙasa huɗu, ban taɓa yin gumi irin na ranar ba.) Lalla Rahila ba ta ko dube ni ba.

Na koma Zongo da kayana. Maimuna ta buɗe kwanon funkaso, ta rufe, ta ce, "Sun ƙoshi ke nan?" Mako guda ban taka Ganhi ba. Na tabbata na ɓata wa tsohuwa idinta na ƙarshe, na kuma rasa aboki.

Ranar ta takwas bayan la'asar sai ga Dawuda da kansa a ƙofar gidana. Ya ce, "Inna ta aiko ni. Ta ce tun da ta bar Maroko, shekara ashirin da wani abu, babu maƙwabcin da ya kawo mata burodin Mimuna. Ta ce ka zo bayan magariba, da matarka. Kuma biyar sun isa."

Muka je. Tebur cike da zuma da dabino da madara, tsoho Haruna yana waƙa yana buga cokali. Lalla Rahila ta karɓi burodin da hannu biyu, ta sunsuna, ta karya da kanta, ɓurɓushi ya zube a kafet ɗin nan dai. Ta dube ni ta ce, "Bar shi, ɗana. Wannan nawa ne." Da ta ji sunan Maimuna kuwa, ta rungume ta ta ƙi saki.

Bayan wata biyu ta tafi. Ba a jima ba lissafin Dawuda ya daina kaiwa ko bakwai, shi ma ya bi ta. Gidan yanzu wurin sayar da abinci ne. In na wuce nakan ga burodi jibge a taga.

Har gobe in wani ya ce mini, "Na gani da idona," nakan tambaye shi, "Ranar nawa ga idi?"