Darasin da Ya Ƙi Ƙarewa

"Gajiya kuma ta bi lafiya, angona, tunda ban tarar ana zaman makokinka ba," ta ce, tana ture ƙofar da ƙafa.

"Sai na binne ki tukuna, amarya. Ina saƙona?"

Kakan nata na zaune a kujerar roba bakin taga, ya lulluɓe gwiwoyinsa da bargo duk da zafin rana. Tsohon malamin Turanci ne, ita kuma nas. Tunda wani asibiti a ƙasar waje ya ce zai ɗauke ta aiki in ta ci jarrabawar Turanci, ya ɗora wa kansa koya mata kullum da yamma. Tun rasuwar matarsa, wannan darasi ne kaɗai ke sa shi ya wanke fuska ya sa riga mai maɓalli.

Ta miƙa masa jan biron da ya aike ta saye. Ya goga a bayan hannunsa, ya kai dab da ido, ya ce wannan ba ja ba ne, ruwan wankin nama ne, kuma ya san ta zaɓo shi ne don kada kurakuranta su fito. Ta ce mai kanti ya rantse shi ne na ƙarshe, sauran duk wani mugun tsoho ya ƙarar da su a kan marainiyar Allah.

"Marainiya mai uwa da uba da ƙaton kai. Zauna."

Ya fara da borrow da lend. Ta ce na farko kai ne ka karɓi aro, na biyu kai ne ka bayar. Ya ce ta yi canki-canki ne ta dace. Ya tambaye ta hear da listen. Ta ce ɗaya abin da ya faɗo maka a kunne ne ko ba ka so, ɗayan kuwa sai ka kasa kunne da niyya. Ya ce bakinta ya karkace wajen faɗa, Bature zai zaci atishawa take yi.

"Da haƙora biyu kake gyara mini lafazi?"

"Biyun nan sun fi talatin ɗinki ilimi. Trip da journey."

Ta ce trip ka je ne ka dawo ba da jimawa ba. Journey kuwa doguwar hanya ce, maganar tafiyar ake yi, ba a cika zancen dawowa ba.

Ya jawo takardar da ta yi aikin gida, ya zabga mata jan gicciye. Tana kallo gicciyen ya sauka can gefe, inda babu rubutu ko ɗaya. Yanar ido ta daɗe da raba shi da ƙananan baƙaƙe, kowa a gidan ya sani, ba mai faɗa. Ya ce ba ta isa shiga jarrabawa bana ba, ta bari sai baɗi.

Alhali ta riga ta shiga, ta kuma ci, har an sa mata ranar tashi. Ta yi ta gaya wa kanta tausayinsa ne ya hana ta faɗa. Amma a can ƙasan ranta ta san wani abin ne daban. So take wani ya riƙe ta da ƙarfi, don in ta zauna kada ta ce tsoro ne, in ta tafi kuma kada ta ce ita ta zaɓi barinsa. Kowane gicciye da ya ja, sai ta ji wani sanyi-sanyi da take jin kunyarsa.

"Kaka," ta ce. Rabonta da kiransa haka tun tana firamare. "Na ci jarrabawar."

Ya mayar da murfin biron a hankali, sai da ya lalubi bakin biron sau biyu.

"Na sani. Uwarki ta gaya wa mai gyaran famfo, shi kuwa ko raɗa zai yi sai an ji a bakin titi."

"To me ya sa kake ta kayar da ni?"

"Ke me ya sa kike ta zuwa?"

Wata babbar mota ta wuce, gilashin tagar ya yi rawa. Ta sunkuya tana gyara masa bargon da bai zame ba. Ya bar ta ta gama, sannan ya tambayi wa zai riƙa yanke masa farce, tunda sauran jikokin duk mahauta ne. Ta ce za ta bar wa ƙaninta wasiyya ya riƙa haɗawa da yatsun. Kafin ta kai ƙarshe, hawayenta ya ɗiga a kan bargon.

"Kar ki jiƙa mini bargo, mummuna. Ni dama na gaji da auren nan. Je ki, na sake ki."

"Saki nawa?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ta ɗebo ruwa ta riƙe masa kofin. Da ya samu numfashi, sai ya kama wuyan hannunta, ya ɗaga yatsa guda.

"Ɗaya. Akwai kome. Sai dai ki yi sauri, amarya, ba ni da tabbacin zan kai ƙarshen iddar."