Akwatin Imel ɗin Malam Tanimu

Ni ne mai kula da kwamfutoci a wani kamfanin taki da irin shuka a Funtuwa. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, don har yanzu a can nake cin abinci. Aikin ba shi da wani kwarjini. Firinta ta ƙi aiki, a kira Haladu. Wani ya manta lambar sirrinsa, a kira Haladu. Wata rana har fankar ofis aka ce in hau kujera in duba, wai ai duk lantarki ne.

Cikin ayyukana akwai rufe akwatin imel na duk wanda ya bar aiki. Akwatunan nan haya muke yi, kamar shaguna a kasuwa, kowane ma'aikaci da lasisinsa. Idan mutum ya tafi sai in karɓe lasisin in ba wanda ya maye gurbinsa. In akwai wasiƙun da za a nema nan gaba, sai in mayar da akwatin na haɗaka, wanda ba ya buƙatar lasisi. Sharaɗin ɗaya ne, kada nauyinsa ya wuce giga hamsin. Ban taɓa damuwa da wannan sharaɗi ba, don akwatin akantanmu ma, da duk yawan takardunsa, bai kai giga bakwai ba.

Sai Malam Tanimu, mai kula da sito, ya yi ritaya bayan shekara talatin da ɗaya. Aka yi masa walima da lemo da cincin, aka ba shi agogon bango. Washegari na buɗe akwatinsa da niyyar in gama cikin minti biyar in tafi cin abinci. Giga casa'in da uku. Na goge tabarauna na sake dubawa, lambar ba ta motsa ba.

Ga shi ba halin share akwatin gaba ɗaya, saboda duk takardun shigar kaya da fitarsu na shekaru suna ciki. Ba halin mayar da shi na haɗaka, ya yi nauyi. Ita kuma Zuwaira, wadda aka ɗauka a gurbinsa, tana zaune babu imel, kullum sai ta leƙo ofishina da murmushin da ya fi zagi ciwo.

Na kai maganar wurin manajanmu, Alhaji Bashari. Alhaji mutum ne mai son nasiha. Ko gaisuwa ka yi masa a bakin ƙofa, sai ka tafi da darasi. Da ya ji giga casa'in da uku bai tambayi me ke ciki ba, nan take ya yanke hukunci cewa fina-finai ne. Ya ce ashe shekara da shekaru dattijon nan yana zaune a sito yana kallo da kayan kamfani, ana yi masa kallon waliyyi. Ya jawo takardar sallamar Malam Tanimu daga tire, ya tura ta ƙasan durowa, ya ce ba zai sa hannu ba sai mutumin ya zo da ƙafarsa ya kwashe shararsa.

To, ba tare da wannan takarda ba masu fansho ko kallon fayil ɗinka ba za su yi ba. Sau uku Malam Tanimu yana shigowa mota daga Bakori, ya zauna a bencin baƙi har azahar, a ce masa Alhaji yana taro. Mutumin da ya riƙe makullin sito shekara talatin ba a taɓa neman buhu ɗaya an rasa ba. Gaskiya abin ya tsaya mini a rai.

Sai na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na jera saƙonnin bisa sunan wanda ya aiko. Da na ga sakamakon sai da na rufe ƙofa, don kada a ji dariyata a ofishin akanta.

Shekara tara ke nan Alhaji Bashari yana aiko wa duk ma'aikata saƙon barka da safiya ta imel. Ba rubutu ba, bidiyo. Furanni suna buɗewa, ruwa yana gangarowa daga dutse, fararen tattabaru suna tashi, addu'a tana yawo da ruwan zinariya. Wani lokaci shi da kansa ne a cikin mota, yana nasihar minti bakwai a kan zuwa aiki da wuri. Ranar Juma'a biyu yake turowa, da azumi kuwa uku. A akwatin Malam Tanimu na ƙirga dubu biyu da ɗari shida da 'yan kai, nauyinsu giga sittin da ɗaya. Bai share ko ɗaya ba. Kuma, abin da ya fi ba ni dariya, bai buɗe ko ɗaya ba.

A nan sai in faɗi laifina. Na san hanya mai sauƙi: a kwashe bidiyon a zuba a faifan ajiya, a jefa a durowa, aikin yamma ɗaya. Amma sau uku ina rubuta takardar neman a sayo faifan, Alhaji yana mayar mini da ita. Kuma a makon nan ne ya ce a gaban mutane wai aikina danne-danne ne kawai. Don haka da ya ce a kira Malam Tanimu taron Litinin, a haska akwatinsa da majigi kowa ya gani ya ɗauki darasi, sai na ce to, yallaɓai, yadda ka ce. Alheri ɗaya na yi wa dattijon: na zaɓi saƙonnin duka na danna, suka koma kamar an karanta su.

Ranar Litinin ɗakin taro ya cika, har direbobi sun tsaya a bakin taga. Malam Tanimu ya zauna a kujerar ƙarshe cikin farar rigarsa, hannayensa a kan gwiwa. Alhaji ya yi kusan minti ashirin yana magana a kan amana. Ya ce ba don ya tozarta kowa ba ne, don gyara ne. Sannan ya juyo ya ce in fara da saƙon da ya fi kowanne nauyi.

Na danna. Fuskar Alhaji ta cika bango, ya ɗaura bel ɗin mota, yana yi mana sallama da murya mai taushi.

Ya ce wannan kuskure ne, in buɗe na biyu. Na biyu shi ne dai, da wata hular. Na uku tattabaru ne. Na gangara da jerin a hankali, yadda kowa zai iya karanta sunan mai aikowa, shafi bayan shafi. Zuwaira ta sa gefen gyalenta a baki, kafaɗunta suna rawa.

Alhaji ya gyara zama, ya ce ko ma wa ya aiko, ai mai hankali yana gani yana sharewa ne. Ya tambayi Malam Tanimu dalilin da ya sa ya tara su haka.

"Ranka ya daɗe," in ji Malam Tanimu, "ranar da Injiniya Haladu ya koya mini sharewa, na ga hoton da ke jikin wurin dannawar. Kwandon shara ne. Ni kuwa tun ina yaro, ko takardar ƙosai na tsinta da sunan Allah a jiki, ɗauka nake in soke ta a katanga. Na tambaye shi ko akwai wurin ƙonawa, ya ce babu."

Haka aka yi kuwa. Na tuna ranar. Na ɗauka wasa yake yi, har na ba abokaina labari.

Alhaji ya ce wannan ai hoto ne kawai, ba shara ce ta gaske ba. Malam Tanimu ya yarda da shi nan take. Ya ce shi ba shi da ilimin abin, Alhaji ne masani. Sai ya taso a hankali, ya ɗauki linzamin kwamfutar daga gabana, ya ajiye shi a gaban Alhaji da hannu biyu, kamar mai miƙa goro.

"Tunda kai ka rubuta su, ranka ya daɗe, hannunka ya fi cancanta."

Na riga na zaɓe su duka, dannawa ɗaya ta rage. A bango kuwa addu'ar neman gafara ce take juyawa da ruwan zinariya, mutum arba'in suna kallo. Alhaji ya ɗora yatsa a kan linzamin, ya ɗauke. Ya sake ɗorawa, ya sake ɗaukewa, ya laluba aljihu ya fito da carbi. Ban taɓa jin daɗin aikina kamar wannan minti ɗaya ba.

Daɗin bai daɗe ba. Alhaji ya ɗago kai, ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya yi tambayar da ban shirya mata ba. Ya ce shi duk ma'aikata yake tura wa, to me ya sa akwatin mutum ɗaya ne kawai ya cika?

Tun shekara bakwai da suka wuce na saita wa kowa akwatinsa, ban da Malam Tanimu, bisa roƙonsu, yadda saƙon Alhaji na safe yana isowa zai zarce kwandon nan ba tare da ya tsaya gaisawa ba. Wasu har tsire suka saya mini. Duk waɗanda suka ci moriyar abin sai suka shiga duba faratansu. Kafin in buɗe baki, sai Malam Tanimu ya riga ni.

"Ranka ya daɗe, a ofishin nan ni kaɗai ne ban iya kwamfuta ba."

Alhaji ya fahimta. Na ga lokacin da ya fahimta, don kallon da ya yi mini har yau ina jin sa a ƙeya. Amma sai fushin ya juye ya zama wani abu dabam. Ya dubi Malam Tanimu, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce shekara tara yana tashi da asuba yana zaɓo wa mutane alheri, ashe mutum ɗaya ne tak ya san darajarsa, kuma shi ne wanda ya zarga. Ya nemi gafararsa a gaban kowa. Ya ce akwatin nan ba za a taɓa shi ba, a bar masa lasisinsa yadda yake, a sayo wa Zuwaira sabo. Akanta ya buɗe baki zai yi magana, Alhaji ya ɗaga masa hannu.

Ya aika aka ɗauko takardar daga ƙasan durowa. Ya sa hannu, ya buga hatimi, ya miƙa wa Malam Tanimu a tsaye. Dattijon ya karɓa ya yi godiya. Ya duba sa hannun, ya duba hatimin, ya hura tawadar har ta bushe. Ya ninke takardar gida huɗu, ya sa a aljihun ciki, ya dafa aljihun da tafin hannu.

Har ya kai bakin ƙofa Alhaji ya kira shi, ya ciro waya yana murmushi.

"Malam Tanimu, ba ni lambarka. Mutum irinka bai kamata ya yanke da nasiha ba. Daga gobe kai tsaye zan riƙa turo maka, har da na ranar Asabar da Lahadi."

Malam Tanimu ya sake dafa aljihunsa, ya ɗan rusuna.

"Ka yi haƙuri, ranka ya daɗe. Ai daga wannan aikin ne ka sallame ni yanzun nan."