Gwaggo Ta Rasu da Gaskiyarta

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, da gwiwoyin da hawan benen ofis ya gama da su, mai gyaran keken ɗinkin nan da teloli ke kira Likita, tare da maiɗakinsa da 'ya'yansu huɗu, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motarsu, wadda aka fi sani da Gwaggo. Ta rasu a tsare, a filin da hukuma ke tara motocin da aka kama, tana da shekara ashirin da shida a duniya, sha tara daga ciki a hannun Likita. Ba a san ranar da rai ya yi halinsa ba. An dai tarar da ita ranar Talata, tayoyinta huɗu sun zauna, ciyawa ta kai mata ƙofa.

Yara ne suka sa mata sunan, domin ta girme su duka, kuma ba ta tashi da safe sai ta yi mita. Takan ce "kir-kir-kir" sau uku, ta yi tari, ta yi shiru kamar an ɓata mata rai, sannan a na huɗu ta kama. Marigayiyar ba mai gaggawa ba ce. Ba ta taɓa wuce kowa a hanya ba sai wanda ya tsaya. Amma duk inda ta ce za ta je, sai ta je. A but ɗinta Likita ke ɗaukar kawunan kekuna a naɗe cikin tsohon bargo, daga shagon wannan tela zuwa gidan waccan mai ɗinki, har ƙamshin man keke ya zama turarenta. Ƙofarta ta baya, ta hagu, ba ta buɗuwa sai daga waje, kuma ba ta taɓa ba kowa haƙuri a kan haka ba. Ita ta kai uwargida asibiti ranar haihuwar auta, cikin cunkoson tsakar rana, tana kwakwazo da hon ɗinta mai muryar tsohuwar agwagwa har aka buɗe mata hanya.

Rashin lafiyarta ya faro ne a mahaɗar hanyar nan ta gaban kasuwa, wata safiyar Litinin, tana cikin ƙoshin lafiya. Wani jami'in hanya ya ɗaga mata hannu, ya danna lambarta a 'yar na'urarsa, ya ce ba ta da inshora. Likita ya buɗe aljihun gaba ya zaro takardar, sabuwa fil, sati uku da sabuntawa, ga rasit a manne. Jami'in ya duba takarda, ya duba na'ura, ya ce, "Baba, ni abin da na'ura ta ce nake bi. Ka je ofis ka yi bayani." Aka rubuta masa tara, aka kira janwe. Likita ya sauke kawunan kekuna biyu a bakin titi, yana kallo aka ɗaga gabanta sama kamar akuyar da za a kai kasuwa. Cikin ruɗewa ya manta gilashin gefen direba a sauke, kamar faɗin yatsa uku.

Abin da ya faru ɗan ƙarami ne. Akawun kamfanin inshora, wajen shigar da lambarta a kwamfuta, ya rubuta uku a inda takwas take. Rabin harafi, shi ke nan.

An ce masa ya biya tarar a sake ta a ranar. Uwargida ma ta ce, "Baban yara, ka biya mu huta. Wanda ya fi ka ƙarfi, ko ya taka ka, kai za ka ce masa sannu." Amma a kan fom ɗin biyan akwai layin da mutum zai sa hannu cewa ya amsa laifinsa, kuma laifin zai zauna a kan lasisinsa. Likita ya riƙe biro ya daɗe yana kallon layin. Shekara talatin yana tuƙi ba a taɓa rubuta shi ba. Ya ajiye biron, ya ce sati ɗaya zai gyara maganar.

Wata bakwai aka yi. Ofishin tara suka ce ya kawo wasiƙa daga kamfani. Kamfani suka ce mai sa hannu ya tafi hutu. Da ya dawo ya sa hannu, ofishin tara suka ce wasiƙar ba ta da hatimi. Da aka buga hatimi, aka ce kwana ashirin da ɗaya na ɗaukaka ƙara sun wuce, sai ya cika wani fom na neman izinin cika fom. Ya san benci na hawa na uku kamar gadonsa, ya san fankar da ke juyi da wadda ke kallo kawai, ya san matar taga ta biyu, wadda ba ta ɗaga kai sai ta ce, "Ka dawo jibi." Ba mugunta take yi ba, ita ma a gajiye take. Sau biyu fayil ɗinsa ya ɓata, sau ɗaya aka same shi a ƙarƙashin butar shayi.

A tsawon wannan jinya, Likita kan sauka daga bas ya leƙa ta ta ramin katanga, tunda ba a barin mai mota ya shiga sai da takardar saki. Ya roƙi maigadi ya ɗaga mata gilashi, maigadi ya ce makulli yana ofis. Ruwan sama ya zo ya wuce. Ya ga ƙura ta zama laka a jikinta, ya ga tayar gaba ta fara durƙusawa. Teloli na nesa suka gaji da jira suka nemi wani mai gyaran, domin kan keke ba abin ɗauka a kafaɗa ba ne.

Ranar Litinin da ta wuce kwamitin sauraren ƙorafi ya zauna. Minti shida aka yi. Shugaban ya duba lambar takarda, ya duba lambar kwamfuta, ya ce kuskure ne a fili, an soke tara, an wanke lasisi, a saki mota ba tare da kuɗin ajiya ba. Ya ƙara da cewa, "Ai da ka zo tun da wuri." Likita ya yi godiya.

Washegari ya je da sabon batir da bakaniken da ya san ta tun tana da ƙuruciya. Ruwa ya kwanta a ƙasanta, kujeru sun yi furfura, ɓeraye sun cinye wayoyi sun haihu a aljihun gaba. Aka ɗaura batir. Likita ya murɗa makulli. Ta ce "ƙat." Ya sake murɗawa, ba ta ƙara cewa komai ba. Bakanike ya leƙa inji, ya daɗe a ciki, ya fito ya sauke murfin a hankali da hannu biyu. Ya ce, "Sai haƙuri, yaya."

Ta bar maigidanta, wanda har yanzu yakan laluba aljihu neman makulli idan ya fito. Ta bar uwargida, wadda ba ta ce "ai na faɗa maka" ba ko sau ɗaya, kuma wannan shirun ya fi masa nauyi. Ta bar yara huɗu da suka koyi lissafin kuɗin bas, da safayar taya guda ɗaya a bayan ƙofa, da jak, da wasiƙar wankewa mai hatimi biyu. Likita yakan karanta wasiƙar. Yakan ce ya yi daidai. Wani lokaci kuma ya ninke ta ya mayar aljihu.

Za a ɗauki gawar ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, daga ƙofar filin zuwa wurin masu sayen tsoffin ƙarafa da ke bayan tashar manyan motoci. Surukin Likita ya ba da aron akori-kura da sarƙa. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya su zo da abin hawansu, domin gidan babu mai mayar da kowa. Ana kuma roƙon kada a tambayi mai rashin me ya hana shi biya tun farko. Ya ji, ya gode.

Tunda motar da ake ja sai da mai riƙe mata sitiyari, Likita ne zai zauna a mazauninsa ya raka ta. Uwargida ta ce a goge mata kujerar gaba, a shimfiɗa leda, ita ma za ta shiga. An gaya wa mai akori-kura ya tafi a hankali.