Ramin da ke Bayan Gwiwata

Ba zan taɓa mantawa da makon da na yi bankwana da ƙafata ta dama ba.

Ni tela ne a unguwar Laranto, keken ɗinkina kuma na taka-da-ƙafa ne. Wata safiyar Litinin ina shafa mai bayan wanka, yatsana ya faɗa cikin wani rami a bayan gwiwata ta dama. Na laluba ta hagu. Akwai rami, amma bai kai wancan zurfi ba. (Ni mutum ne da kan koma gida sau biyu don ya tabbatar ya kulle ƙofa, to ku ƙiyasta.) Na ɗauko tef ɗin awo na auna, na sake aunawa.

A shago na faɗa wa wani direba da ya kawo gyaran wando. Ya ce haka ta kawunsa ta fara, daga baya aka yanke. Wata mai kayan miya kuma ta ce wani abu na taka a hanya. Ni dai na karɓi duka biyun. Idan ƙafar nan ta tafi, da me zan taka keke? Da me zan ciyar da gida?

Kafin Alhamis na mayar wa mutane yadinsu ba ɗinki, na nemi yafiyar maƙwabta, na ce wa ƙanena ya zo ya ɗauki keken. Matata ta dube ni ta ce, "Malam, yana maka ciwo ne?" Na ce a'a, ai shi ne abin tsoron.

Ita ce ta kira Baba Gyang, maƙwabcinmu, tsohon ma'aikacin asibiti. Ya same ni a ƙofar shago, teloli uku na zaune.

"Oga tela, ɗaga wando mu gani."

Na ce mu shiga ciki, gwiwa ba abin nunawa a titi ba ce. Ya ce duhu ya yi yawa a ciki. Na ɗaga, ina kallon sama.

Ya danna, ya tambaya ko akwai kumburi, ko zafi, ko ƙafar na mutuwa. Babu ko ɗaya. Ya ce kowa na da ramin nan, ya fi zurfi a jikin siriri irina, da mai jijiyoyi a miƙe saboda aiki. Sai ya ƙara sunkuyawa ya duba.

"Wannan fa mene ne?"

Ya sa yatsa ya ja wani abu, ya saki. Fat!

Robar ƙugun wando ce. Tun shigowar sanyi nake sa doguwar safa, ta dama kuma tana zamewa in ina taka keke, sai na yanko ragowar roba na ɗaure ta tamau, ƙullin a baya. Wata biyu ƙullin yana zaune a wurin, daga asuba zuwa isha.

"Ciwo naka," in ji Baba Gyang, "almakashi ne maganinsa."

Telolin nan har da mai faɗowa daga benci don dariya. Ana cikin haka ƙanena ya iso da a-daidaita-sahu don ɗaukar keke, idonsa jawur, ya yi kuka a hanya.

Kwana uku ramin ya koma daidai da ɗan'uwansa. (Na auna.) Yanzu in na ga wani abu a jikina, kafin in nemi yafiyar unguwa nakan fara cire safa.