Tikitin Kallon Takalmin Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar tseren motoci a Konni ba, kuma ko na so in manta, mutanen garin su matata ba za su bar ni ba.

A lokacin Ramatu ta haifa mana ɗanmu na fari, ta tafi wanka gidansu, wani ƙauye da ke bayan Tsarnawa. Aka yi arba'in, watanni suka ja, ba a dawo mini da ita ba. Duk sanda na aika, amsar Baba ɗaya ce: "A bari tukuna." (Baba surukina ne, don haka kada ku jira jin sunansa a bakina.) Daga baya Ramatu ta tsegunta mini dalili ta waya. Wai Baba ya ce ba ni da natsuwa, ina gaisuwa ina kaɗa ƙafa, ana yi mini magana ina leƙen waya, ba zai danƙa mini jariri ba sai ya ga na zama mutum. Na ji haushi ƙwarai, musamman da yake gaskiya ce. Gyaran waya nake yi a bakin tasha, kuma ko a shagon ma ban iya zama wuri ɗaya ba. Ɗaki ya yi mini faɗi, abincin tasha ya gundure ni, in shiga nan in fita can, ina ta neman abin da zan yi Baba ya ce wannan yaro babban mutum ne.

Ana cikin haka sai ga mota da lasifika tana zagaya gari, wai za a yi tseren motoci daga wajen Malbaza zuwa Konni, a zo a sayi tikiti. Nan take dabara ta faɗo mini. Baba mayen kokawa ne, lokacin gasa rediyo ba ya barin kunnensa. Ni kuwa a tunanina tseren mota da kokawa duk abu ɗaya ne: fili, makaɗa, kirari, a yini ana kallo ana shewa. Ban tambayi kowa ba, na ruga wurin mai sayar da tikiti.

"Akwai na tsaye cikin rana, akwai na rumfa," in ji shi. "Na rumfa na manya ne, da kujera da ruwan sanyi."

Da ya faɗi kuɗin guda biyu sai da na dafa tebur, don sun fi kuɗin buhun gero. Amma kalmar "manya" ta riga ta shiga kaina. Na biya ina murmushi.

Ranar da sassafe na ɗauki 'yan kabu-kabu biyu (ai ba a hawa babur ɗaya da suruki) muka nufi ƙauye. Ƙarshen damina ne, koramar da ke bayan gidan Baba ba ta gama bushewa ba, duk taɓo. Na ga an ɗaɗɗaure wasu ƙyallaye ja da fari a jikin itatuwan bakin koramar. Inna, surukata, ta tambaye ni daga bayan darni ko na san na mene ne, wai jiya wasu baƙi suka zo suka ɗaura. Ni da ba na iya cewa ban sani ba, na gyara murya na ce masu awon wutar lantarki ne, gwamnati ta tuna da su. Har addu'a ta yi wa gwamnati. Baba ya fito da farar riga da rawani, ya dube ni sama da ƙasa.

"To, mu tahi mu ga kokowar motocin."

Mun isa fili tun hantsi. Rumfar manya ashe tanti ce da ta rufe rabin kujeru, ruwan sanyin kuma leda ɗaya ce mai ɗumi kamar an sauke daga wuta. Ba makaɗi, ba maroƙi, sai wani mutum da ke ta hura lasifika yana cewa saura kaɗan. Gaban rumfar an ja wani dogon ƙyallen talla mai kai wa ƙugu, bayansa kuma hanyar ƙasa ce, fayau, ba komai.

Sai ga matsalar da ban taɓa tunawa da ita ba. Kujerun masu lamba ne, tawa manne da ta Baba, kafaɗa da kafaɗa. Ni in zauna kan kujera kusa da surukina, gwiwata tana gogar tasa? A gidanmu ba a yi mini wannan tarbiyya ba, balle yau da nake jarrabawar natsuwa. Baba ya zauna. Ni kuwa na cire takalmi na durƙusa a ƙasa gefen ƙafarsa, na sunkuyar da kai. Mai tsaron ƙofa ya zo ya taɓa ni.

"Malam, ga kujerarka nan, ka biya fa."

"Bar ni nan, na fi jin daɗi," na ce masa ƙasa-ƙasa.

Wata hajiya da ke bayanmu ta ga kujera ba kowa, ta ɗora jakarta da kwanon abincinta. Wato jakar hajiya ce ta zauna a kan rabin buhun gerona, har da inuwa.

Daga inda nake durƙushe, ƙyallen tallan ya tare mini komai. Abin da nake gani kawai takalmin Baba ne, na fata, an yi masa faci a dunduniya. Na kalli takalmin nan har na haddace ɗinkinsa. Rana ta take, inuwar tantin ta gudu ta bar ni. Waya tana ta girgiza a aljihuna, hannuna yana ƙaiƙayi, na danne. Ƙafata tana so ta kaɗa, na take ta da ɗayar. Ƙishirwa ta dame ni, ga ledar ruwa a hannuna, amma ba a shan abu gaban suruki. A raina ina ta cewa, Baba duba ka gani, ga natsuwa iya natsuwa. Shi kuwa jan carbinsa kawai yake yi. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Wai ina motocin? Ko mu munka zo su kalle mu?"

"Suna tafe, Baba."

Sau nawa na faɗi haka, Allah kaɗai ya sani. Azahar ta kusa, ƙafafuna suka mutu murus, ban ma san suna jikina ba.

Sai na ji rugugin inji daga nesa. Jama'a, duk natsuwar da na tara tun safe a nan ta zube. Na zabura na miƙe ina ihu da iyakar muryata:

"Ga su nan! Ga su nan!"

Ni na miƙe, ƙafafuna ba su miƙe ba. Na tafi luu, na faɗa kan cinyar surukina gaba ɗayana. Kujerar roba ta baje, muka zube ƙasa tare, ni a sama shi a ƙasa, rawaninsa ya warware ya yi cikin kwanon hajiya. Rumfa ta ɗauki salati, sannan ta ɗauki dariya. Abin da ya fi ciwo, rugugin da na ji ba na motar tsere ba ne. Babbar motar siminti ce daga Malbaza take wucewa abinta a kan kwalta.

Na kifa goshina a ƙasa ina tattara rawani. "Baba ka yi mini gafara, Baba tuba nake." Mutane suka taru suna ɗaga shi, suna kaɗe masa riga, shi ma ya ba hanya baya. A daidai wannan lokacin na ji wani fuuu, fuuu, kamar an yage sabon yadi, 'yan tsaye cikin rana suka kaure da sowa. Kafin in ɗago kai, hanya ta koma fayau yadda take. Mai lasifika ya fara godiya ga manyan baƙi.

"Shi ke nan?" na tambayi mai tsaron ƙofa. "Sauran motocin fa?"

"Sauran sun maƙale a wata korama bayan Tsarnawa. Can aka sha kallo, in ji waɗanda suka zo yanzu."

Sai ƙyallayen nan ja da fari suka faɗo mini a rai. Na ji kamar in nutse.

Da muka koma ƙauye, sai ka ce ranar salla. Motoci sun yini suna birgima cikin taɓo a bayan gidan Baba, gari duk ya fito. Inna ta sayar da furarta kaf. Ramatu ta kalli komai ta saman darni da goyo a bayanta, ba ta biya ko dala ba. Har shanun huɗar Baba aka ɗaura wa wata mota suka jawo ta, ana tafi ana yi musu kirari, mai shanun kuwa yana Konni ƙarƙashin surukinsa. Inna ta leƙo ta ce mini, "Sannu da wutar lantarki." 'Yan kabu-kabun da suka kawo mu kuma ba su ko kashe babur ba suka fara ba da labarin rawani.

Na durƙusa a zaure, na riga na sallama, na san Ramatu sai yaro ya yi gemu. Baba ya murza ƙugunsa. Sannan ya ɗaga murya ya kira Inna.

"Ku haɗa ma ɗiyar ga kayanta, gobe ta bi mijinta."

Daɗi ya kama ni har na kusa sake zabura. Na fara jero godiya, ya ɗaga mini hannu.

"Ba don ka natsu ba. In anka bar ka kai ɗai, wata rana tikitin kallon ruwan sama za ka saye."

Washegari aka kawo mini Ramatu, tana dariya tun daga kan babur. Tun daga ranar ba na biyan kuɗin kallon komai sai na tambayi ta inda abin zai wuce, da kuma wanda zai zauna kusa da ni. A ƙauyen kuwa sunana ya ɓace. Ɗan nawa yanzu ya fara magana, kuma ran nan da na shiga zauren kakansa, shi ya fara nuna ni da yatsa ya ce, "Ga su nan!"